Kwamfutar da Sadiyatu Ta Haɗa da Kwanonin Aurenta

Kahin a hura wutar koko gidanmu na Gawon Nama, Sadiyatu ta riga ta shayar da randunanta. Randuna biyu, irin na Rumbukawa, jere ƙarƙashin tagar ɗakinta, kuma ba mutum ka shan ruwansu ba. Ta cika su, ta jiƙa buhun algarara ta rataya ga taga, ta ɗauko gashin zabo ta durƙusa gaban wani baƙin akwati tana share mai ƙura lungu-lungu, awa mai yi ma jinjiri wanka. Sannan ta shirya yara, ta sallame su makaranta, ta zauna jiran wuta. In anka kawo wuta, ko muciya ke hannunta miƙo min take. "Inna, riƙe min." Tuwon da nit tuƙa wanda ba girkina ba ya hi a ƙirga, kuma ban taɓa ƙorahi ba, don na san inda garin tuwon ka hitowa.

Haka tay yi shekaru sun hi goma.

Ni Atika, ban iya rubutu ba. Hwaɗi nike ana rubutawa, kuma na gaya ma mai rubutun kada ta gyara min baki. Sadiyatu surukata ta, ko in ce ta dā. Gazali ɗana na. Ba shi na na hwari ba, don haka babu kunyar da za ta hana ni kiran sunanai, kuma za ni kira.

In kun aurar da ɗiya garin ga cikin shekarun nan, ƙila kun san shagonai, can bakin kasuwa, mai allo da sunanai manya-manya. Nan ake haɗa bidiyon buki. A yanke inda amarya tay yi hamma, a sa kiɗa, a sa huranni masu juyi. Gazali na da baki, wannan ban hana mai ba. Shi ka ɗaukar kyamara, shi ka kutsa taro da shadda tana ƙara. Da la'asar shi shigo gida, shi zaro ɗan katin da hotunan ke ciki, shi aje bisa gadonta, shi ce, "Jibi suke so." Shi hice majalisa. Jibi kuwa a samu. Ƙarshen kowane bidiyo sunanai ka hitowa da ruwan zinari. Ita ka rubuta mai shi.

Ubanta mai gyaran rediyo na, can Runjin Sambo. Ta tashi tana riƙe mai dalma. Sa'ad da anka kawo ta gidan ga, Gazali ɗaukar hoto ɗai shike, shi kai ma wasu su haɗa, su kwashe tsokar su bar mai ƙashi. Wata rana muna tsintar shinkahwa tac ce min, "Inna, injin da suke aikin ga da shi, ana iya haɗa shi gida."

Nic ce, "Da mi? Da tsintsiya da ludayi?"

Tad dubi kabad ɗinta.

Kabad ɗin kuwa abin kallo na. Kwalla, samira, tangaran, tun daga ƙasa har rufi, irin jeren da mata ka shigowa su ƙirga da ido su koma gida su hana mazansu barci. Sai dillaliya tah hwara zarya gidanmu. Saiti guda shi hita, wani koren allo mai hanyoyi awa unguwannin gari shi shigo. Wani saitin shi hita, wasu 'yan sanduna biyu su shigo. Tana nuna ma Gazali hoton abin ga waya, ta miƙa mai kuɗin kwanoninta, shi tahi kasuwa shi sayo, don ita ba ta hita. Wani abin har Kano anka aika.

Dodo maƙwabciyata tal leƙo tag ga kabad ya yi wayam. Tac ce, "Atika, surukarki cinye jerenta take?"

Nic ce, "Cinyewa take, Dodo. Ke da kika adana naki tun zamanin soja, mi yah haiho miki ban da kyankyasai?"

Ina nan ranar da tah haɗa kwamfutar. Tas shimhiɗa tabarma, tac cire takalmi, kahin ta taɓa komi sai ta dahwa ƙarhen gado, wai jikin mutum na ɗauke da wutar da ka iya kashe abin. Tah hiddo wani ɗan ƙarhe da bai kai kwalin ashana ba, tac ce shi na ƙwaƙwalwar. Babban saitin tangaran ɗinta kenan kwance bisa tahin hannu. Tad ɗiga mai wani toka-tokan mai kwatankwacin ƙwayar wake, tad danne shi da hwanka. Anka kawo wuta, tad danna. Shiru. Gazali yay yi tsaki yah hita. Ita ko tas sake kwance komi, tab bi waya-waya, tad danna sandunan nan har sunka ce ƙas. Tas sake dannawa. Abin yay yi ɗan kuka guda, gilashi yak kawo haske. Nir rangaɗa guɗa ni ɗai, tsakar rana, ba ango ba amarya.

To haɗawa daban, cin moriya daban. Ashe in ta gama yanka da jerawa, sai injin ya dahwa aikin da kainai, kuma dahuwar na da tsawo. Wuta kuwa kun san halinta garin ga, ba ta sallama in za ta tahi. In anka ɗauke kahin aiki shi nuna, ya tashi banza, sai a koma hwarko. Akwai wasu mutanen Kalambaina da sunka yi ta sintiri shago bisa bidiyon ɗiyarsu. Kullum aiki shi kusa, wuta ta tahi. Gazali shi shigo shina hwaɗa har maƙwabta na ji. "Kin zubar min da mutunci!" Wai shi.

Nan Sadiyatu tas shiga karatun da yah hi na hwarko wuya. Ta riƙa kallon wasu mutane cikin waya suna Turanci da sauri, ta tsayar, ta maimaita. Abin da tag gane tag gaya min shi na: masu ƙera ƙwaƙwalwar nan sun yanka mata gudun da za ta yi, sun rage saura don tsoro. Akwai ƙohwar da ake bi a ƙara mata. Ta hwaɗa min sunan abin, ban riƙe ba. Ni zaburarwa nike ce mai, awa yadda ake yi ma jaki in hadari ya taso ana nesa da gida. Sai dai in ka zabure ta sai ka ƙara mata ci, in ta ƙara ci ta ƙara zahi. Mutanen cikin wayar nan ko, da rigunan sanyi nike ganinsu. Mu kuwa Sakkwato muke, inda ake aje buta ga rana a yi alwala da ruwan shayi.

Kaɗan-kaɗan take ƙarawa, awa mai sa kanwa. Ta ƙara, ta ɗora mata aiki mai nauyi, ta kara hannu bayan akwati tana kallon wata lamba. Can sai gilashi shi yi shuɗi, inji shi some. Ta buɗe, ta cire wani ɗan batir mai kama da sulai, wai don abin shi manta, ta maida, ta koma baya kaɗan. Na ga shuɗin nan har ya zamo in na rufe ido ina ganinai.

Wata bazara, cikin tsakiyar zahi, nij ji tas! Sai warin ƙonannen gashi. Koren allon ya tahi. Abin da yar rage cikin kabad 'yan tasoshin da marigayiya uwarta tab bar mata. Dillaliya taz zo tat tahi da su, anka sayo sabon allo. Sadiyatu ba ta yi kuka gabana ba. Ta dai shiga bayi ta daɗe.

Daga nan randuna sunka shigo, da jiƙaƙƙen buhu ga taga, iska ta biyo ta ruwa kahin ta shiga ɗaki. Tah huda akwati da hannunta taƙ ƙara hwankoki. Kuma da tab buɗe tsohuwar hwankar, sai tat tarar da wani danƙo ja ya liƙe ta, ƙura ta hau bisa. Tas shinshina, tam miƙo min. Turaren wuta na. Hayaƙin da kowace matar aure ka yi ma ɗakinta sahe da marece, shi yas shaƙe ta. Ranar tah hidda kasko daga ɗakin, bai koma ba.

Ku da kanku kun san mi wannan ka nuhi. Mace ta sai da jerenta, an haƙura. Amma ɗakin aure ba turare? Mata sunka samu abin taunawa gidan suna da gidan buki. Gazali yas same ni ɗakina. "Inna, ki yi mata magana. Ɗakin mace ba ƙamshi sai warin dalma?"

Nic ce, "Warin da ka saya maka shadda kenan. Shaƙa da kyau."

Bayan haka aiki bai ƙara kwana don wuta ba. Bangona da nata guda, na san muryar injin nan awa muryar jikokina. In tana zaune, gunjin ƙudan zuma. In an ɗora dahuwa, ta ɗaga murya, ta riƙe, ba ta saki sai aiki ya nuna. Shago yac cika. Gazali yas sai mashin, yas sake allo.

Ke kiy yi wannan, Sadiyatu. Ke kiz zauna cikin ɗaki guda kina aurar da ɗiyan garin ga ɗaya bayan ɗaya, kin san huskar kowace amarya, babu wadda tas san taki. Mai randa biyu, mai hannun haƙuri. Na sha hwaɗi cikin mata cewa ke ka aikin, su ce tsuhwa ta kama Atika. Wa za shi yarda da tsohuwar da ba ta san ta inda ake kunna rediyo ba?

Alherinta yat tona ta. Da anka maida jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta, 'yan matan unguwar ga da yawa ba su taɓa dahwa ta ba, kuma iyaye ba su barinsu zaman shagon maza. Sadiyatu tac ce su riƙa zuwa bayan la'asar in da wuta. Ba ta amshi ko sisi ba. Ta kama hannunsu ta ɗora, ta ce, "Danna, ba ta cizo." Har jikar Dodo, Dodon nan dai mai kyankyasai, nan tak koya, ga ta can tana karatun jinya. Ku tambayi Dodo, ba ta musu yanzu.

'Yan mata kuwa ba su da murhin baki. Sunka gaya ma yayyensu. Yayye sunka kai majalisa. Gazali na isowa sai wani shi ce, "A matsa ma mijin injiniya." Wani shi ce, "Gazali, wayata ta lalace, ko ka kai ma maigidan?" A kwashe da dariya. Abin da yak kashe auren kenan. Ba zagi, ba yaji, ba ta taɓa ɗaga mai murya ba. Ya iya cin guminta shekara da shekaru, dariyar majalisa ta 'yan kwanaki ta gagare shi haɗiya. Yas sake ta.

Cikin ɗakinta tay yi idda, yadda shari'a tac ce. Kuma ku ji wannan da kyau: bai daina aje kati bisa gadonta ba. Ga hannun yara shike aikowa. Tana idda tana sa ma bukin wasu kiɗa da huranni. Ina jin injin ta bango ina cewa yau za shi maida ta, gobe za shi maida ta. Idda taƙ ƙare.

Gwaggonta Maimunat taz zo da mata da akori-kura kwasar kaya. Kowa ya san ƙa'ida: abin da mace taz zo da shi, da shi take tahiya. Anka hidda gado, anka hidda katihwa, anka hidda kabad, mutum biyu sun ishe shi don ba komi ciki. Da anka kai hannu ga baƙin akwati sai ga Gazali bakin ƙohwa.

"Wannan na shago na."

Maimunat tac ce, "Wane shago? Shagon da ke ƙarƙashin gadon ɗiyata?"

Anka aika kiran Maigandi, ƙanen marigayi maigidana, shi na babba yanzu. Yaz zo yaz zauna bisa turmi yag gyara hula. Yac ce, "Kayan ɗaki an san su tun kakanni. Gado, katihwa, kwanoni, tabarmi. Inji kuwa kayan sana'a na. Wa yat tahi kasuwa yas sayo?"

Gazali yac ce, "Ni, Baba."

Nic ce, "Jaki ma shi ka ɗauko gero daga gona, Maigandi, ban taɓa jin an ce geronai ba na. Kwanoninta na wanga akwati. Gabana sunka hita, gabana yas shigo."

Yac ce, "Haba matar yaya, kwano na cin wuta?"

"Kai ma ba ka cin wuta, amma ga ka kana hayaƙi."

Mata sunka yi dariya. Maigandi bai yi ba. Yac ce in sun ɗauke inji, shago ya mutu, yara kuwa gidan ubansu za su zauna, mi za su ci? Shi dai ya yanke, inji na gida na.

To ni ban tsuhwa banza ba. Nic ce, "Shi kenan, na yarda. Na Gazali na." Nij juya wurinai. "Gazali, tunda naka na, ni uwarka na roƙa. Ba ni shi." Na san abin da nike yi. Garin ga ba a taɓa ɗa ya hana uwatai abu gaban mutane ba. In ya ba ni, nawa na, in ba wanda nig ga dama.

Gazali yad duƙar da kai shina wasa da makullin mashin.

Yac ce, "Inna, ki roƙi wani abu."

Maimunat tar riƙe min kahwaɗa, tac ce gobe sai gaban alƙali, ga shaida har uwatai. Sadiyatu tac ce, "Gwaggo, ba ni kai uban yarana gaban alƙali."

Muna nan sai yara waje sunka yi ihun an kawo wuta. Tad dubi Maigandi. "Baba, a ba ni ɗan lokaci da ita."

Tas shiga ɗakin da ba komi sai akwatin da gilashinai bisa ƙasa. Nib bi ta. Tad durƙusa da mayahinta, tak kunna, tas shiga wurin nan mai lambobi. Tad danna nan, tad danna can. Sai nij ji muryar injin ta sauka, ta koma ƙasa-ƙasa, irin ta shekarun hwarko.

Nic ce, "Mi kiy yi mata?"

Tac ce, "Na maida ta tahiyarta ta asali, Inna. Shago za shi kai ta, ruhin kwano, ba randa, ba mai share ta. In na bar ta da gudun nan ba ta kai damina. Yanzu za ta yi nawa, amma ba ta mutuwa." Tak kashe, tas shahwa bayan akwatin. "Ita ka ciyar da ku."

Gudun da tay yi shekaru tana nema, wanda yac cinye tasoshin uwarta, da hannunta tac cire shi don kada wanda yas sake ta shi rasa abin kai ma yaranta. Tam miƙe, tag gaishe ni har ƙasa, tah hau gaban akori-kura.

Da abin ya tsaya nan, da ƙila na haɗiye na mutu da shi. Abin da yas sa nic ce a kawo min mai rubutu shi na wanga. Inji na shago yanzu, Gazali ya ɗauki wani shina biya, aiki na kwana biyu uku kahin shi hita. Bazara ta wuce bisa kanta, ba ta ƙone ba. Shi ko ɗana shina bin majalisa shina cewa Sadiyatu ta lalata mai inji kahin ta tahi, don baƙin ciki. Har gidan suna nij ji wata na hwaɗi, tana taɓe baki, wai ka ga sharrin sakakkiya.

Ƙarya ta. Ina tsaye. Idona bai mutu ba, kunnena ma haka.

Sadiyatu, na gode. Na gode da tuwon da nic ci, da maganin ƙahwata da ba ki taɓa bari ya yanke ba, da jikokina da kir raina da tarbiyya. Na aurar da ɗa na samu ɗiya, ɗan ya kore min ita. Allah shi ba ki wanda za shi ji an ce mai mijin injiniya shi ce na'am. Allah shi sanyaya miki yadda kis sanyaya ma ƙarhe.

Tana Runjin Sambo gidan ubanta, ta gaji teburinai da dalmatai. Ba ta da inji nata tukuna, na mutane take gyarawa. Wanda kwamfutatai tam mutu shi kai mata. In kun je ku yi sallama ku ce Sadiyatu kuke nema, da sunanta, da ƙarhi, maƙwabta su ji. Ku kuma 'yan mata, ku koyi irin nacinta, ku buɗe akwati ku ga mi ke ciki, ba ta cizo. Abu guda ɗai kada ku koya gare ta: in kun gama aiki, sunanku za ku rubuta.

Kai kuma Gazali, na san za a karanta maka. Kada ka wahalar da kanka neman mai rubutu, ni nih hwaɗi. Tuwonka nike ci, ƙarƙashin ruhinka nike kwana, ban manta ba. In abin ya yi maka zahi, aika a kira Maigandi shi zo shi zauna bisa turmi, shi gaya muna ko uwa kayan ɗaki ta ko kayan shago.